Awa Nawa Aikin Ya Ci? Ƙwaƙwalwa, Agogo da Manhajojin Wayar Salula

Idan aka tambayi ɗalibi nisan da ke tsakanin gidansu da makaranta, zai kintata, kuma da wuya ya kauce wa gaskiya ƙwarai, domin ƙafarsa ta san hanyar, idonsa kuma ya saba da alamominta. Amma a tambaye shi awa nawa ya yi yana bitar lissafi a makon jiya. Nan take zai amsa ba tare da ɗar ba, ya ce awa goma ko goma sha biyu, kuma a ransa ba ƙarya ya yi ba. Sai dai da a ce wani ya tsaya a bayansa riƙe da agogo, yana ɗebe mintocin da suka tafi wajen neman biro, da amsa sallama, da leƙa saƙo a waya, da gyangyaɗi, da abin da zai saura ya ba ɗalibin nan kunya.

Wannan giɓi da ke tsakanin lokacin da mutum ya ɗauka ya yi yana aiki da lokacin da ya yi a zahiri, shi ne ya haifar da wani rukuni na manhajojin wayar salula waɗanda ba su da wata sana'a sai ƙidaya sa'o'in da kowane aiki ya ci. Lauyoyi da masu zanen gine-gine da masu fassara da masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe da rungumarsu, domin da awa ake biyan da yawa daga cikinsu. Kafin a zo kan yadda suke aiki, ya kamata a fara sanin abin da ya sa ƙwaƙwalwar ɗan Adam, duk da baiwar da aka yi mata, take neman taimako a kan abu mai sauƙi kamar ƙidayar minti.

Agogon da ke cikin kai

An yi wa mutum ido don haske, da kunne don sauti, da harshe don ɗanɗano, amma babu wata gaɓa guda da aka keɓe don jin wucewar minti. Gaskiya ne akwai agogo a jiki. Can a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000, wanda masana suka gano aikinsa a shekarar 1972. Shi ke tsara lokacin barci da na farkawa, da hawa da saukar zafin jiki, da fitar wasu sinadarai cikin jini. A shekarar 2017 an ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel saboda bayyana yadda ƙwayoyin gado ke juya irin wannan agogo, kuma a jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka yi binciken. To, amma wannan agogo kwana yake ƙirgawa. Ba ruwansa da ko minti arba'in aka yi a kan darasi ko awa biyu.

Wani matashi Bafaranshe mai nazarin duwatsu, Michel Siffre, ya nuna haka da jikinsa. A watan Yuli na 1962, yana da shekara 23, ya sauka cikin kogon Scarasson da ke tsaunukan Alps, inda babu rana babu wata, sai duhu da ƙanƙara, kuma bai tafi da agogo ba. Duk sa'ad da ya farka, ko zai ci abinci, ko zai kwanta, sai ya buga wa abokan aikinsa da ke bakin kogon waya, su kuwa su rubuta lokacin ba tare da sun gaya masa ba. Bayan wata biyu, ranar 14 ga Satumba, aka shaida masa cewa gwajin ya ƙare. Shi a lissafinsa ranar 20 ga Agusta ce. Kwana 25 sun sulale masa bai sani ba. Abin mamaki kuwa, littafin abokan nasa ya nuna cewa jikinsa bai ɓata ba: yana barci yana farkawa bisa zagaye na kimanin awa 24 da rabi. Watau jiki yana riƙe da lissafin kwana, hankali ne ya saki. Ko da aka ce ya ƙirga daga 1 zuwa 120, lamba ɗaya a kowane sakan, sai da ya ci minti biyar a kan abin da ya ɗauka minti biyu ne.

Tun kafin wannan, a 1933, wani masanin aikin gaɓoɓin jiki a Amurka, Hudson Hoagland, ya lura da wani abu a gidansa. Matarsa na fama da zazzaɓi, ya fita sayo magani na ɗan lokaci kaɗan, da ya komo ta ce ya daɗe ƙwarai. Maimakon ya yi gardama, sai ya ɗauko agogo da ma'aunin zafin jiki, ya riƙa sa ta ƙirga sakan 60 a ranta. Ya tarar cewa duk sa'ad da zafin jikinta ya hau, ƙirgarta ta ƙara sauri. Ma'aunin da zazzaɓi ke iya gurɓatawa, to, gajiya da yunwa da fargabar jarrabawa ma ba za su ƙyale shi ba. Kowa ya san yadda minti biyar na jiran a tashi daga aji ya fi awa guda ta hira tsawo.

Kuskuren ba a kan abin da ya wuce kaɗai ya tsaya ba, har da abin da ke tafe. A 1994 Roger Buehler da Dale Griffin da Michael Ross suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan ɗalibai 37 na wata jami'a a Kanada, masu rubuta kundin kammala digiri. An tambaye su kwana nawa ya rage su gama, matsakaicin amsarsu ya zama kwana 33.9. Aka ce, to, idan kome ya dagule fa? Suka ce kwana 48.6. Da aka bi sawu, sai da suka ci kwana 55.5, watau sun zarce har mummunan zaton da suka yi wa kansu. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka gama a lokacin da suka ɗiba. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun riga sun bayyana wannan ɗabi'a tun 1979: mai shirin aiki yakan hango aikin yana tafiya sumul, ya manta da cewa bara ma haka ya hango, amma ciwo da biki da ɗaukewar wuta suka shigo. Wani maganinta da aka sani yana ci shi ne a dubi abin da irin wannan aiki ya ci a baya. Wanda bai rubuta ba kuwa, ba shi da abin dubawa.

Mutumin da ya yi shekara 56 yana lissafi

A nan ne labarin Alexander Lyubishchev ya cancanci a tsaya a kansa. Masanin ilmin halittu ne ɗan ƙasar Rasha, an haife shi a 1890, ya rasu a 1972. Ya ƙware a kan wasu ƙananan ƙwari masu cin ganyen shuka, masu tsalle kamar ƙuma, haka kuma a kan amfani da lissafi wajen rarrabe jinsunan halittu. A 1916, yana da shekara 26, ya soma rubuta lokacin da kowane aiki ya ci masa, bai kuwa daina ba har ƙarshen ransa. Juyin juya halin 1917 ya zo ya wuce, Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya wuce, littafinsa na nan.

Ba littafin tarihin rayuwa ba ne, domin ba ya rubuta abin da ya ji a ransa. 'Yan layuka ne kawai a kowace rana: aiki kaza awa kaza da minti kaza, karatun littafi kaza minti kaza, rubuta wasiƙa minti kaza. Ƙarshen wata ya tara, ƙarshen shekara ya yi wa kansa rahoto kamar yadda ma'aji ke yi wa hukuma, sa'an nan ya tsara shekara mai zuwa bisa abin da ya gani. Sharaɗinsa mai tsanani shi ne tsantsar aiki kaɗai ake ƙirgawa. Idan baƙo ya shigo, ko ya tashi shan iska, an ɗebe wannan. Da daɗewa ya kai ga yana iya faɗin awoyin da rubuta wata maƙala za ta ci tun kafin ya ɗora alƙalami, kuma ya dace ko ya yi kusa. Guntayen lokaci ma, irin na zaman mota da jiran layi, bai bar su sun zube ba. Da su ya koyi Ingilishi.

Marubucin nan Daniil Granin, wanda ya fito da labarinsa a wani littafi a 1974, ya kawo alƙaluman shekarar 1966, lokacin Lyubishchev yana da shekara 76. Ya ɗiba wa babban aikinsa na ilmi awa 1,900, ya yi awa 1,906. Idan aka raba, awa 5 da minti 13 ke nan a rana. Wannan adadi shi ne abin lura. Mutumin da ya buga ayyukan ilmi kusan 70, ya kuma bar shafuka kimanin 12,500 da aka buga da tafireta, bai kai awa shida a rana ba a kan ainihin aikinsa, kuma bai tauye barcinsa ba. Saboda haka ɗalibin da ke bugun ƙirji cewa yana karatun awa goma sha biyu kullum, ko dai ya fi Lyubishchev, ko kuwa zama a gaban littafi yake ƙirgawa.

Abin da wayar ke yi

Manhajojin yau littafin Lyubishchev ne aka sa wa injin tarawa. Toggl ta fito daga birnin Tallin na ƙasar Istoniya a 2006, Harvest ta fito daga New York a wannan shekarar, Clockify kuma ta biyo baya a 2017. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Mutum ya rubuta sunan aikin, alal misali "Kundin bincike, babi na biyu", ya danna maɓallin farawa. In ya gama ko aka katse shi, ya danna na tsayawa. Ƙarshen mako manhajar ta zana masa jadawali mai nuna rabon da kowane aiki ya samu. Wanda ake biya da awa yakan sa farashinsa, ta fitar masa da takardar neman biya.

Mai karatu zai iya zaton cewa manhajar tana zaune ne tana ƙirga sakan ɗaya bayan ɗaya. Ba haka ba ne. Kwamfutoci da wayoyi suna riƙe lokaci a matsayin lamba guda, watau yawan sakan da suka shuɗe tun daga farkon ranar 1 ga Janairu, 1970. Idan aka danna farawa, manhajar ta adana lambar wannan lokaci. Idan aka danna tsayawa, ta ɗauki sabuwar lamba ta ɗebe ta farko. Shi ya sa ko batir ya mutu a tsakiyar aiki, lissafin bai ɓace ba, kuma shi ya sa wanda ya manta bai tsayar ba zai wayi gari an rubuta masa awa 14 na aiki alhali barci ya sha. Ita kuwa wayar, agogonta na dogara ne da wani ɗan ƙanƙanen tsinken dutsen kwaz wanda wutar lantarki ke sa shi kaɗawa. Irin wanda aka saba sa wa agogo yana kaɗawa sau 32,768 a sakan guda. Ɗan kuskuren da ya taru kuma, wayar na gyara shi da lokacin da take samu daga kamfanin sadarwa ko intanet.

Akwai rukuni na biyu da ba ya jiran a danna kome. RescueTime, alal misali, tana lura da kanta da manhaja ko shafin da ke buɗe, ta rubuta tsawon zaman da aka yi a kai. A 2018 kamfanonin Apple da Google suka sa irin wannan ma'auni a cikin wayoyinsu, Screen Time da Digital Wellbeing, don haka mai wayar zamani yana da shi a aljihu ko bai sani ba. Irin wannan awo ne ya tona wani abu mai tayar da hankali. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta auna tsawon lokacin da ma'aikacin ofis ke yi a kan abu guda a allon kwamfuta kafin ya juya zuwa wani. A 2004 kimanin minti biyu da rabi ne. A 2012 ya sauko zuwa sakan 75. A binciken shekarun da suka biyo baya ya koma wajen sakan 47. Awa guda da aka yayyanka haka ba daidai take da awa guda cur ba, ko da yake a jadawalin manhaja tsawonsu ɗaya.

Agogo a hannun wa?

Auna lokacin aiki yana da wani tarihi wanda ba na masu auna kansu ba ne. A farkon shekarun 1880 Frederick Taylor ya soma tsayawa a kan ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe a Filadelfiya da agogon awon gudu, yana auna kowane motsi. A littafinsa na 1911 ya ba da labarin wani lebura a masana'antar Bethlehem mai ɗora tubalan ƙarfe a taragon jirgin ƙasa, wanda aka ɗaga aikinsa daga tan 12 da rabi a rana zuwa tan 47, ladansa kuma daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Masana tarihi sun nuna daga baya cewa Taylor ya ƙara wa labarin gishiri. Amma ko a yadda ya faɗa, ɗalibin lissafi zai ga inda gizo ke saƙa: aiki ya ninka kusan sau huɗu, lada ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari kawai. Ma'aikata ma sun gani. A 1911 masu zubin ƙarfe a ma'aikatar makamai ta Watertown suka yi yajin aiki saboda agogon, daga bisani majalisar dokokin Amurka ta hana amfani da shi a irin waɗannan ma'aikatu na gwamnati, hanin da ya daɗe har 1949.

Agogon Taylor bai mutu ba, ya koma cikin manhaja ne. A dandalin Upwork, inda mutane daga ƙasashe da dama, har da Nijeriya, ke karɓar aikin fassara da zane da rubutu daga ƙetare, manhajar ƙidayar awa tana ɗaukar hoton allon ma'aikaci sau ɗaya a cikin kowane minti goma, tana kuma ƙirga yawan danna maɓallai. Wannan kariya ce ta wani gefen, domin hujja ce idan mai aiki ya so cin guminsa. Ta wani gefen kuma ma'auni ne makaho, don mintocin da mai fassara ya yi shiru yana neman kalmar da ta dace, a idon manhajar zaman banza ne, alhali nan ne aikin yake. Sai dai kada a ɗauka rubuta awoyi kullum cutar ma'aikaci ne. A watan Mayu na 2019 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa wajibi ne masu ɗaukar ma'aikata su kafa tsarin rubuta awoyin aikin kowace rana, kuma ƙungiyar ƙwadago ce ta ƙasar Sifen ta kai ƙarar, domin aikin bayan lokaci da ba a rubuta ba, ba a biyansa.

Darasi daga amya

Masana halayyar dabbobi sun riga masu manhaja yin wannan sana'a, suna kiranta kasafin lokaci. A wani aiki da aka buga a 1952, Martin Lindauer na ƙasar Jamus ya ɗiga wa wata ƙudar zuma alama, ya ba ta lamba 107, ya zauna gaban amya mai bangon gilashi yana rubuta duk abin da ta yi, har kimanin awa 177. Ƙudan zuma dai shi ake buga misali da shi wajen ƙwazo. Amma kusan kashi 40 cikin ɗari na lokacin, lamba 107 tana zaune ne ba ta yin kome, wani babban kaso kuma tana zagaya amya tana dube-dube. A 2015 Daniel Charbonneau da Anna Dornhaus na Jami'ar Arizona suka shafa wa wasu ƙananan tururuwa fenti don a bambanta su, suka ɗauke su a bidiyo. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba a taɓa ganinsu suna aiki ba, waɗanda aka gani kullum cikin aiki kuwa ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Da aka kwashe mafiya ƙwazo daga gidan a wani gwaji da aka yi daga baya, sai masu zaman nan suka tashi suka maye gurbinsu cikin mako guda. Ashe dakarun ko-ta-kwana ne. Gidan da kowa ke aiki iyakar ƙarfinsa ba shi da abin tarar ranar masifa, haka ma jadawalin da aka cika maƙil ba shi da inda zai sa zazzaɓin kwana uku.

Saboda haka amfanin da ɗalibi zai samu daga waɗannan manhajoji ba ya cikin tara awoyi don alfahari. Yana cikin sanin farashin abubuwa: cewa babi guda na littafin kimiyyar sinadarai yana cin awa uku, ba ɗaya ba, don haka babi goma sha biyar ba za su shiga mako guda na kafin jarrabawar WAEC ko NECO ba. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba, wato wayar da za a danna don fara ƙidaya ita ce ɗauke da saƙonnin da ke cinye lokacin. Inda makaranta ta hana riƙe waya, ko inda babu ita, agogon hannu da bayan littafin rubutu sun wadatar.

Malamin kimiyya zai iya mai da wannan darasin aji ba tare da kashe ko kwabo ba. Ranar Litinin kowane ɗalibi ya rubuta a takarda awoyin da yake zaton zai yi yana bita a makon, malam ya karɓa ya ajiye. Kwana bakwai ɗalibai su riƙa rubuta lokacin farawa da na tsayawa, suna ɗebe duk katsewar da ta wuce minti biyu. Litinin ta gaba, kafin kowa ya tara nasa, a sake tambayarsu awa nawa suke jin sun yi. Lambobi uku ke nan ga kowane ɗalibi: abin da ya yi niyya, da abin da ya tuna, da abin da takarda ta nuna. A jera su a allo ba tare da sunaye ba, a fitar da matsakaicin kowane rukuni, sa'an nan a kwatanta da na ɗaliban nan 37 na Kanada. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ba da maki a kan yawan awoyi, domin ranar da aka fara ba da maki, ranar ce takardun za su fara ƙarya.